Maganin Shinuwa da hawan jini: an gwada, amma me aka gwada?



Sati uku da suka wuce na je gaida kawuna, ƙanen mahaifiyata, a Maraɗi. Dattijo ne mai shekara sittin da 'yan kai. Shekara huɗu ke nan da aka gaya masa a gidan likita cewa tansiyonsa ya hau, aka ɗora shi kan ƙwayar amlodipine, guda ɗaya kullum da safe. Na iske shi a zaure, ga buta, ga rediyo, ga kuma wani ɗan kwali kore mai rubutun Shinuwa tun daga sama har ƙasa, ba kalma ko ɗaya da ni ko shi za mu iya karantawa. Bayan gaisuwa na ce, "Kawu, ina ƙwayar likita?" Ya ce, "Na aje ta, ɗana. Wagga ta Shinuwa ce, itace ce zalla. Can ƙasarsu manyan likitoci sunka gwada ta, sunka ce daidai take da ta Nasara. Kai da ka yi lakwal ba ka jiya ba?" Jika goma sha biyu ya ba da, na wata guda.

Ban yi masa musu ba, don yaro ba ya musu da kawunsa a zaurensa. Amma da na koma gida na zauna na bi diddigin maganar. Abin da na gano shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin na tabbata ba kawu kaɗai ba ne. Duk wanda ke shiga kasuwa a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai ya ga irin waɗannan kwalaye, ya ji masu lasifika, ko an gayyace shi wani ɗaki inda ake ba mutum wani ƙarfe ya riƙe a hannu, kwamfuta ta jero masa cututtuka goma, sa'an nan a jero masa magani goma.

Maganar farko, kuma dole in faɗe ta don gaskiya: mai tallar bai ƙaga labarin daga sama ba. Gwajin yana nan, an yi shi.

A shekarar 2022 wata mujalla ta ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta buga sakamakon wani bincike da likitocin ƙasar Sin suka yi a asibitoci da dama. Sun ɗauki mutum 628 masu hawan jini mai sauƙi, suka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya aka ba su losartan, maganin likita da duniya ta sani. Ɗaya kashin aka ba su wani haɗi na gargajiyarsu mai suna Songling Xuemaikang, wanda ake yi da saiwar wata tsiro mai yaɗo, da ganyen wani itace mai siraran ganye kamar allura, da garin ɓawon halittar ruwan nan da ake samun lu'ulu'u a cikinta. An shirya abin yadda mara lafiya bai san wanne yake sha ba, likitan da ke auna shi ma bai sani ba. Bayan sati 8 aka duba. Lambar ƙasa ta tansiyo ta sauka da kusan 8 a kowane ɓangare, lambar sama ta sauka da 10 da ɗoriya a kowane ɓangare, kuma ba a ga wani ɓangare ya fi ɗaya fama da illa ba. Sai masu binciken suka ce, a wannan gwaji, haɗin nasu bai gaza losartan ba.

A nan sai in tsaya kaɗan don kar lambobin su ruɗe mu. Mu nan idan majo ya auna ka cewa yake "sha huɗu da tara", a rubuce 14/9. A takardun bincike wannan shi ne 140/90. Ke nan saukar 8 da suke magana ba ta kai lamba ɗaya cikakkiya ba a irin lissafinmu, saukar 10 kuma ita ce lamba ɗaya. Hawan jini yana farawa daga 14/9. Wanda ake kira mai sauƙi shi ne lambar sama tsakanin 14 da ƙasa da 16, lambar ƙasa tsakanin 9 da ƙasa da 10. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ni a ganina wannan bincike abin yabo ne. An ɗauki maganin kakanni an kai shi gaban awo, an yarda a ji kunya idan bai yi ba. Da yawa cikin masu magani, a can da nan, ba su yarda da haka. Amma yabo daban, miƙa wuya daban. Akwai abubuwan da gwajin ya faɗa, akwai waɗanda mai lasifika ya ɗora masa a baki.

Abu na farko da ya tsaya mini a rai: ba a sa kashi na uku ba, wato waɗanda za a ba ƙwayar wofi, mai kama da magani amma ba komai a ciki. Wani zai ce, to mene ne amfanin ba mara lafiya wofi? Amfaninsa babba ne, musamman a harkar tansiyo. Tansiyo ba ya zama wuri ɗaya. Na safe daban, na yamma daban, na ranar da aka ɓata maka rai daban. Akwai wanda da ya ga farar riga jininsa ke hawa, idan ya saba da wurin ya sauka. Kuma yawanci ana ɗaukar mutum cikin gwaji ne a lokacin da lambarsa take sama, saboda haka ko ba a ba shi komai ba, idan aka sake aunawa bayan 'yan makonni sau da yawa za a iske ta ɗan sauko. Ƙara da cewa wanda ya san ana sa masa ido yakan rage gishiri, ya kiyaye kansa. Duk wannan yana shiga cikin lissafi. Idan ba ka da kashin da aka ba wofi, ba za ka iya cewa ga rabon magani a cikin saukar nan, ga rabon sauran abubuwa ba.

Kuma ba zato nake ba. Su Shinuwan da kansu sun nuna haka. A 2020 wasu likitoci a birnin Shanghai sun buga gwajin wani haɗin daban, na saiwar tianma da ƙayar gouteng, wanda ya daɗe a gargajiyarsu ana ba masu jiri da ciwon kai. Mutum 251 ne, masu irin hawan jinin da ke ɓuya a gaban likita ya fito a gida. Su sun sa ƙwayar wofi, kuma sun ɗaura wa mutane na'urar da ke auna jini dare da rana. Bayan sati 4, masu shan haɗin lambarsu ta sama ta sauka da kimanin 5 da rabi. Masu shan wofi fa? Tasu ta sauka da kusan 3. Ke nan aikin maganin na ainihi bai wuce 2 da rabi ba, wato rubu'in lamba ɗaya a lissafin majo. Ya yi aiki, ba a ce bai yi ba. Amma da ba a sa wofi ba, da an rubuta masa ladan da rabinsa ba nasa ba ne. Mai tansiyo 17 da ya dogara da rubu'in lamba, ina zai kai shi?

Abu na biyu, sati 8. Jama'a, hawan jini ba masassara ba ce da ake sha kwana uku a tashi. Abokin zama ne har ƙarshen rai. Kuma dalilin shan magani ba don lamba ta yi kyau a takarda ba ne. Dalilin shi ne kar a wayi gari ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, kar zuciya ta kumbura, kar ƙoda ta tsaya a koma bin layin wankin ƙoda. Magungunan likita irin su amlodipine da ƙwayar sa fitsari an bi dubban mutane shekara da shekaru ana ƙirga wa ya faɗi, wa ya mutu, kafin a ce suna kare rai. Gwajin sati 8 ba zai iya ba da wannan amsa ba, kuma masu shi ba su ce ya bayar ba.

Idan kuna son ganin irin gwajin da ke ba da wannan amsa, shi ma a ƙasar Sin aka yi shi, kuma ba kan wani magani mai tsada ba, kan gishiri. A ƙauyuka 600 na arewacin ƙasar aka ɗauki mutum kusan 21,000, galibinsu dattawa masu hawan jini ko waɗanda suka taɓa samun shanyewar jiki. Rabin ƙauyukan aka ba su gishirin da aka rage wa sinadarin sodiyam aka cika da fotasiyam, rabi suka ci gaba da gishirinsu na kullum. Aka bi su kusan shekara 5. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna shanyewar jiki ta ragu da kashi 14 cikin ɗari, mutuwa ta ragu da kashi 12. Wannan shi ne gwajin da ya ƙirga mutane, ba lamba kawai ba. Shi kuwa ban taɓa jin mai lasifika ya ambace shi ba, don ba abin sayarwa a ciki. (In ƙara da gargaɗi: irin wannan gishiri bai dace da mai ciwon ƙoda ba, kar wani ya ce ni na aike shi.)

Abu na uku shi ne wanda ya fi shafar kawuna. Gwajin nan na masu hawan jini mai sauƙi ne. Shi kuwa kawu, ranar da aka fara gano ciwonsa, 17/10 aka rubuta a karnensa. Irinsa ba ya cikin waɗanda aka gwada. An ɗauki hukuncin da aka yanke kan wasu an liƙa masa.

Har ila yau, a kan 'yan ƙasar Sin aka yi gwajin, kuma da losartan aka kwatanta. Likitoci sun daɗe da sanin cewa mu baƙar fata, idan aka ba mu irin losartan shi kaɗai, sau da yawa ba ya saukar mana da jini kamar yadda amlodipine ko ƙwayar sa fitsari ke yi. A 2019 an buga wani gwaji da aka yi a ƙasashe 6 na Afirka kan mutum 728, ƙarƙashin jagorancin wani likitan zuciya na Abuja, Dike Ojji, wanda ya nuna haɗin magani biyu da ke da amlodipine a ciki ya fi wanda ba shi. To idan an ce wani magani ya yi kunnen doki da losartan a jikin mutumin Beijing, wannan bai gaya mini komai ba kan yadda zai kasance a jikin mutumin Tibiri da aka cire wa amlodipine.

Yanzu mu zo kan kwalin kansa. Abin da aka gwada magani ɗaya ne, mai suna ɗaya, daga masana'anta ɗaya, da awo sananne. Ba a gwada "maganin Shinuwa" ba, kamar yadda ba za a gwada saiwa ɗaya a Madarunfa a ce an gwada duk abin da ke cikin buhun kowane mai magani na ƙasar Hausa ba. Na ɗauki hoton kwalin kawu na kwatanta rubutun da na maganin da aka gwada. Ko kama ba su yi ba. Me ke ciki? Shi bai sani ba, ni ban sani ba, kuma ina da yaƙinin wanda ya sayar masa ma bai sani ba.

Wannan rashin sani ba ƙaramin abu ba ne, bari in ba ku misali. A ƙasar Sin akwai wata ƙwayar hawan jini da ake kira Zhenju Jiangya. Sunanta na fure ne da lu'ulu'u, kuma lalle akwai su a ciki. Amma a cikinta akwai kuma magungunan likita guda biyu, clonidine da hydrochlorothiazide. Su can ba ɓoyewa suka yi ba, a rubuce yake jikin takarda, ga wanda ya iya karatun. Amma ka ɗauka irin wannan ta faɗo hannun wanda aka ce wa "itace ce zalla". Zai ga jini ya sauka ya ce ganye ya yi aiki. Idan yana shan ƙwayar likita a gefe, ya haɗa biyu bai sani ba. Ranar da kuɗi suka ƙare ya tsaya kwatsam, ita clonidine halinta ne idan aka yanke ta farat ɗaya jini ya yi tsalle ya wuce inda yake da. Ga kuma wata saiwa mai zaƙi da suke kira gancao, wadda Faransawa ke kira réglisse, tana cikin haɗe-haɗensu da yawa. Ita idan aka daɗe ana sha da yawa, hawar da jini take yi, ta zubar da fotasiyam. Mai hawan jini ya saya da kuɗinsa yana ƙara wa wuta itace.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a Beljiyam a farkon shekarun 1990. Wani gidan rage ƙiba a birnin Brussels yana ba mata wani haɗi da ke da ganyen Sin a ciki. Aka samu kuskure wajen kawo kaya: tsiro biyu ne masu suna kusan ɗaya a harshensu, aka kawo mai dafin a maimakon wanda ake nufi. Mata sama da ɗari ƙodarsu ta lalace, da yawa sai da aka koma yi musu wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma daga baya aka same su da ciwon daji a hanyar fitsari. A tsakiyar Turai ke nan, inda ake da ɗakunan awo a kowane lungu. Ina ga kwalin da ya biyo ta hannu bakwai ya kwana cikin rana a tasha? Duk mai cewa abin da ya fito daga itace ba ya cutarwa, ya tuna tunya da zaƙami ma tsiro ne.

Kar a fahimce ni a karkace. Ni ba na cikin masu raina maganin gargajiya, na Sin ko namu. Wanda ya raina shi bai san tarihi ba. Maganin zazzaɓin sauro da muke ba 'ya'yanmu duk damina, irin su Coartem, asalinsa daga wani ganye ne na Sin, ɗan uwan tazargade. Wata mata mai suna Tu Youyou ce ta koma cikin tsofaffin littattafansu, ta ga wani malami na ƙarni na 4 ya rubuta a jiƙa ganyen cikin ruwa a matse, ba a ce a dafa ba. Daga nan ta fahimci zafi ne ke kashe ƙarfinsa, ta canza hanyar tacewa, a farkon shekarun 1970 ta fitar da sinadarin. An ba ta kyautar Nobel a 2015. Amma ku lura, ita da abokan aikinta sun tattara haɗe-haɗe sama da dubu biyu, suka gwada ɗaruruwa, kusan duka suka faɗi. Ɗaya ya tsaya. A fagen hawan jini ma, ɗaya daga cikin magungunan farko, reserpine, daga saiwar wata tsiro ta Indiya aka fitar da shi a 1952. Ya yi aiki, amma da aka sa ido aka ga yana jefa wasu cikin matsananciyar damuwa, da aka samu waɗanda suka fi shi sai aka ja baya da shi. Gwaji ne ya ɗaga shi, gwaji ne ya sauke shi.

Abin da ya fi burge ni ma shi ne yadda wasu masana na Sin ke tuhumar kansu. A 2009 wasu masu bincike nasu suka ɗauki waya suka kira marubuta sama da dubu biyu da suka buga a mujallun ƙasar cewa sun raba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a, suka tambaye su yadda suka yi. Waɗanda suka yi abin bisa ƙa'ida ba su kai ɗaya cikin goma ba. Saboda haka idan aka ce maka "an gwada a Sin", tambaya ba ta ƙare ba, farawa ta yi. Wane gwaji? Mutum nawa? Har tsawon wane lokaci? Da me aka kwatanta? Wa ya biya kuɗin aikin? Gwajin 2022 da muka yi magana yana cikin masu kyau, shi ya sa na ɓata lokaci a kansa. Amma ko mai kyan ma kun ga iyakarsa. Kuma likitocin Sin da ƙasarsu ke turowa suna aiki a asibitocinmu tun shekarun 1970, ba su da haɗi da mai kwali a bakin tasha, kar a cakuɗa su.

Wani abin da ke ci mini rai shi ne, muna ba da jika goma sha biyu kan ganyen da ba mu san sunansa ba, alhali namu na bayan ɗaki shi ma an kai shi gaban awo. Zoɓo nake nufi, bisap. A jami'ar Tufts ta Amurka an gwada shi kan mutum 65 da jininsu ya ɗan hau, kofi uku a rana har sati 6, aka buga a 2010: lambar sama ta sauka da kimanin 7, masu shan abin wofi kuma ba ta kai 2 ba. A Sanigal ma likitoci sun gwada zoɓo da geza kusa da maganin likita a kan masu hawan jini mara tsanani. Waɗannan ma ƙananan gwaje-gwaje ne na ɗan lokaci, kuma duk sharaɗin da na gindaya wa na Shinuwa yana kansu. Ba na cewa a aje ƙwaya a kama zoɓo, balle irin namu da ake zuba wa sukari kamar an yi fushi da shi. Abin da nake cewa, ga hanya a buɗe. Muna da sashen koyon likitanci a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, muna da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi da André Salifou a Damagaram, muna da LANSPEX da aikinsa shi ne awon magani. Kowace 31 ga Agusta ana taron ranar maganin gargajiya ta Afirka, a yi jawabi, a ɗauki hoto, a watse. Me zai hana a zauna da masu maganin gargajiya na ƙwarai, a zaɓi tsiro biyu ko uku da suka fi yarda da su kan hawan jini, a gwada su bisa ƙa'ida a jikin mutanenmu, masu cin abincinmu? Wannan shi ne abin koyi daga Sin, ba kwalinsu ba. Kuma kafin nan, hukuma ta riƙa tsintar waɗannan kwalaye a kasuwa tana kai su awo, ta fito rediyo da Hausa da Zabarmanci ta faɗi abin da ta gani a ciki.

Na ce masu cin abincinmu da gangan. Hukumar lafiya ta duniya ta ce gishirin da babba zai ci a wuni kar ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Ku lissafa dunƙulen magi nawa ke shiga tukunya ɗaya, ga gishiri, ga yajin tsire da na kilishi, ga kanwa. Ita kanwa mutane da yawa ba su san sodiyam ce cike da ita ba, 'yar uwar gishiri ce. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da wankan jego mai zafi da kumburin zuciyar da ke kama masu jego. Rage waɗannan ba ya cin ko dala.

Sai dai zan zama mara adalci idan na ɗora laifin duka kan dattawa irin kawu. Me ya kore shi daga ƙwayar likita? Na tambaye shi daga baya. Na ɗaya, an ce masa har abada zai sha, shi kuwa a saninsa magani ana sha ne a warke. Mai kwali ya yi masa alkawarin wata uku. Na biyu, ƙafarsa ta ɗan kumbura, wanda sananne ne amlodipine na yi wa wasu, da ya koma ya faɗa ba wanda ya tsaya ya saurare shi, aka sabunta masa takarda aka ce na gaba. Mai kwali kuwa ya ba shi kujera, ya ba shi ruwa, ya kira shi Baba, ya saurare shi rabin awa. Na uku, shi ba ya jin komai a jikinsa. Mun taso ana ce mana jiki magayi, to a wannan ciwo jiki ba ya gaya maka komai sai ya gama ɓarna. A 2023 hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta manya kusan biliyan 1.3 ke da hawan jini, kusan rabinsu ba su ma sani ba, kuma ɗaya cikin biyar ne kawai nasa ya daidaita. Ma'aikatan lafiyarmu na san aiki ya yi musu yawa, amma minti biyar na bayani da Hausa mai sauƙi zai hana mutane da dama komawa wajen mai lasifika.

Da kawu dai ga yadda muka ƙare. Ban ce masa an cuce shi ba. Na ce, "Kawu, tunda su Shinuwa da awo suka yarda da nasu, mu ma mu yi awo." Maganar ta yi masa. Na aro na'ura wajen wani abokina, muka sami littafi, kullum safe da yamma ƙanena ya auna shi bayan ya zauna ya huta, ya rubuta. Kwana biyar muka yi, ba ranar da lambar sama ta sauko ƙasa da 16, wata safiya ma 18 ta nuna. Ya daɗe yana kallon littafin, sa'an nan ya ce, "To, gobe ka kai ni." Mun je da littafin da kwalin duka, wannan karon likitan ya saurara, ya rage masa amlodipine saboda ƙafar ya haɗa masa da wata ƙwaya, ya kuma tura shi awon ƙoda. Kwalin yana wurina, saura ƙwaya goma sha ɗaya a ciki. Idan akwai mai karatu a nan da ya iya rubutun Shinuwa, ya yi mini magana in tura masa hoton.